Dala Na Hau a Kano, a Nan Dala Ce Ta Hau Ni

Winifeg, Kanada
Lahadi, tsakiyar Janairu

Zuwa ga taubashina, bawana na gado,

Da fatan kana lafiya, kai da iyali da Hajiya Kaka da duk mutanen layinmu na Gyadi-Gyadi. Ni ma lafiya ƙalau nake, in dai ana kiran mutumin da rabonsa da ganin yatsun ƙafarsa a fili tun Nuwamba mai lafiya.

Saƙon muryarka ya iso, sau uku na saurara, ina dariya har maƙwabcina ya buga min bango. Wai sanyi ya sauka a Kano, hazo ya rufe gadar Dangi, ka kwana biyu ba ka yi wanka ba, don haka in taimaka in aiko maka da "jaket irin ta Turawa mai kauri sosai". Na duba waya na ga ma'aunin Kano a daren da ka yi wannan kukan: 13. Sha uku a saman sifili, bawan Allah! A nan ranar da aka samu haka gajeren wando ake sawa a fito tsakar gida gashin nama.

Ka san firizar da Inna ke ƙanƙarar sayarwa da azumi? In an bar mata wuta ta yi iya yinta, 18 ƙasa da sifili take kaiwa. Yau da safe waje 31 ne ƙasa da sifili, in an haɗa da iska kuma sun ce 42 jiki yake ji. Wato da zan samu in shige firizar Inna in ja murfi, shan ɗumi na je. Mutanen garin nan har alfahari suke yi da cewa a ƙarshen Disambar 2013 an yi ranar da suka fi inda na'urar Amurka take a duniyar Mars sanyi. Ka ji abin da ake taƙama da shi a inda na zo neman arziki.

Ka tuna jaket ɗin da ka raka ni muka saya a Ƙofar Wambai ana saura kwana huɗu in tashi? Baƙar nan mai zif biyu, wadda mai gwanjo ya zaro daga ƙasan dila ya ce ta Landan ce, kai kuma ka tsaya kana taya ta kamar ragon layya har ya sallama. Da ita na shiga filin jirgin Malam Aminu Kano, gumi na tsiyaya, ina jin na fi ƙarfin kowane sanyi. A Satumba ta yi aiki. A Oktoba ma ba laifi. Ƙarshen Nuwamba na tsaya jiran bas minti 11, a nan muka san juna ni da ita. Iska ta ratsa ta kamar gidan sauro. Gashin cikin hancina ya ƙage, in na ja numfashi sai in ji ƙas-ƙas. Hucin bakina ya sauka a gemu ya zama farar ƙanƙara, na tsufa a tsaye. Maganar nan ta in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, iyakarta Kano. A nan wanda ya shafa wa gemunsa ruwa sai an nemo taɓarya. Da na shiga bas wata tsohuwa ta kama hannun rigar ta murza da yatsu biyu, yadda Hajiya Kaka ke murza atamfa a Kantin Kwari, ta yi min kallon maraya ranar sallah, ta ce, "Ɗana, ai wannan ta ruwan sama ce."

Washegari na nufi kantin masu hawan tsauni, don an ce min su ne malaman sanyi. Yaron kantin ya tambaye ni wane tsauni zan hau. Ka san ni, ba na yarda a raina Kano. Na ce ai ni tsohon hannu ne, na hau Dala ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, Goron Dutse ma da silifas na hau shi. Ya zaro waya ya duba Dala. Mita 534, shi ma in an fara awon daga bakin teku. Ya yi shirun ladabi, sannan ya ce rigar da na ɗora wa hannu an ɗinka ta ne don masu hawa irin su Ebarest mai mita 8,849. Abin da ya rage min kunya, su ma ba su da bakin magana. Garinsu a shimfiɗe yake kamar faranti, tudun da yaransu ke hawa suna sulalowa a kan ƙanƙara ma tsohon juji ne da aka binne aka shuka wa ciyawa, kuma da bakinsu suke kiransa Tudun Shara.

Amma yaron ya san aikinsa, ya koya min abin da ya kamata a ce an koya mana kafin a ba mu biza. Rigar ba ta kawo zafi ko kaɗan. Ita kula ce, kai ne tuwon, ɗumin jikinka kawai take tarewa. Abin da aka cusa a cikinta lallausan gashin nan ne na ƙirjin agwagwa ko dinya, wanda in ana figa yake tashi ya maƙale wa mutum a hanci, mu kuma mu share mu watsa a kwata. Ya zuba min kaɗan a tafin hannu, kamar audugar rimi, babu nauyi ko na sisi. Iskar da ke kwanciya a tsakaninsa ita ce katangar.

A hannun kowace riga akwai lamba: 550, 650, 800. Na zaci farashi ne, har na fara shirin tayi. Ashe awon kumburin gashin ne. Ana ɗibar kimanin giram 30 a zuba a bututu a ga iya inda zai tashi, wanda ya fi tashi ya fi tare iska, don haka kaɗan daga cikinsa ya isa, rigar ta yi sakayau. Sai dai lamba kaɗai ba ta gama magana, sai ka tambayi giram nawa aka zuba. Kamar wajen mai shayin Court Road ne: ba sunan madarar ake sha ba, cokali nawa ya sa. Ya kuma ɗaga wata mai araha a hasken fitila ya nuna min layin ɗinkinta. An haɗe ciki da waje da zare ɗaya, duk inda allura ta bi babu gashi, haske na wucewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ta nan sanyi ke bi. Mai tsada kuwa 'yan ɗakuna aka yi wa gashin, kowanne da bangonsa. Lagonta ɗaya ne, ruwa. In ta jiƙe sai ta kwanta kamar kazar da ruwa ya daka, shi ya sa masu zuwa inda ake ruwa da ƙanƙara a haɗe suke sayen mai zaren roba. Sa'armu a nan sanyin busasshe ne, yayan hunturu uwa ɗaya uba ɗaya. Dusar ƙanƙarar kamar garin rogo take, karkaɗewa ake yi.

Kai da ka tura hotona zauren 'yan gida ka rubuta "buhun gawayi ya isa Kanada", saurara. Yaron ya ba ni labarin George Finch, wanda ya je hawan Ebarest a 1922 da rigar gashin agwagwa koriya da aka ɗinka da yadin balan-balan. Abokan tafiyarsa 'yan Ingila masu kwat ɗin ulu suka yi ta yi masa dariya, sai da sanyin tsauni ya kama su suka koma kallon rigar da sha'awa. Asalin samfurin kuwa, mai hula a haɗe, na mutanen Inuwit ne na can ƙuryar arewa, da fatar barewar ƙanƙara suke ɗinka tasu tun kaka da kakanni.

Daga nan na leƙa inda ake sayar da Canada Goose, wadda kowane baƙo ke mafarki saboda tambarin hannunta. Kamfanin a Toronto ya fara a 1957, yana da masana'antun ɗinki a nan garin ma, kuma akwai samfurin da suka yi don masu bincike a Antatika. Na sa ɗaya, na ji kamar an mayar da ni goyo. Na juya takardar farashi, sama da dala 1,000, ga haraji na jira a wajen biya. Na buga da naira a zuci, miliyan ta wuce, kuɗin sabon babur rataye a ƙusa. Dala na hau a Kano, a nan dala ce ta hau ni. Na cire ta a hankali da hannu biyu kamar jaririn mutane, na ce zan dawo. Irin "zan dawo" ɗin da kake cewa a kasuwar Tarauni.

Wanda ya cece ni wani dattijo ne Bahaushen Kumasi da muke haɗuwa a masallaci, ya shekara ashirin da ɗoriya a garin. Ya ce, "Yaro, kai tsauni za ka hau ko bas?" Rigar mai hawan tsauni gajera ce don ɗamarar igiya, hularta ƙatuwa don kwalkwali ya shiga, yadinta kamar fatar albasa don kada ta yi nauyi, ƙusa ɗaya ta isa ta yi maka ɓarin gashi a titi. Rashin nauyin nan ake biya. Mai tsayuwar jiran bas kuwa doguwa yake so mai rufe cinya, mai kaurin yadi da iska ba ta ratsawa, wuyanta ya kai hanci, da sararin sa suwaita a ciki. Ya haramta min singiletin auduga a ƙasa, wai tana riƙe gumi ta huce a jiki, sai ulu. Safar hannu kuma mai haɗe yatsu huɗu a ɗaki ɗaya, su ɗumama juna kamar 'yan makarantar kwana.

Ya sa ni a motarsa, bayan ya zare wayarta daga bango, don a nan mota ma jona ta ake yi da lantarki cikin dare, in ba haka ba inji ya ƙi tashi. Ina muka tsaya? Gwanjo, taubashi! Gwanjo mai fitilu da keken turawa, amma gwanjo ne. Na ƙetare hamada da teku don in zo ina juya kwalar rigar da wani ya tuɓe, kuma ba a tayi. Dattijo ya shinshina, ya ja zif sama da ƙasa, ya matsa ko'ina ko gashin ya dunƙule, ya miƙo min wata koriya mai lamba 650, dala 90. A aljihunta na tsinci alawa biyu da tikitin bas na wani bawan Allah.

Da ita nake zuwa Juma'a babban masallacin titin Waverley, kaftani na leƙowa ta ƙasa, zanna bukar a cikin hular rigar, takalma kamar na 'yan kwana-kwana. Kafin in gama kwance igiyoyinsu liman ya kai ruku'u. Ka dai riƙe wannan a cikinka, kada Malam ya ji.

Ka ce wa Inna man kaɗanyar da ta ba ni ya ƙare, faso ya dawo har da 'ya'yansa. In an samu mai zuwa a haɗo min da kuka da yaji.

Maganar jaket ɗinka kuma na cika alkawari. Wani ɗan Hotoro zai taho gida ƙarshen wata, na ba shi ita a leda. Baƙa ce mai zif biyu, za ka gane ta. Da ta Landan ce kawai, yanzu ta haɗa da Kanada, kuma na gwada ta da jikina, a sanyi 13 babu kamarta. Ka lissafa ta a kuɗin sharar bana. Alawa ɗaya na cikin aljihun hagu, ta Hajiya Kaka ce, kada ka shanye.

Naka ubangida,
daga cikin kula.