Da Dare Ba Ma Kiran Maciji da Sunansa

Jiya bayan La'asar muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidan mai unguwa, sai ga 'yar maƙwabcina da littafi a hannu. Ta durƙusa ta gaishe mu. "Kawu, an ce mu kawo misalan adon harshe, ban san inda zan samo ba."

Dattijon da ke gefena ya murmusa. "'Yar nan, koma ki zauna kusa da murhu. Kafin a kwashe tuwo kin cika shafi biyu."

Gaskiya ya faɗa. Mu nan, in dare ya yi, igiyar ƙasa muke ce wa maciji. Mai ciki, juna biyu gare ta, ranar haihuwa kuma a ce ta sauka lafiya. Mamaci ya riga mu gidan gaskiya. Yaro mai ɗauke-ɗauke, a gaban uwarsa sai dai mu ce yana da dogon hannu.

Wani tela da ke ɗinki kusa da mu ya dakatar da kekensa. "Ku duba ci da sha ma. Muna cin kasuwa, a ci bashi, a ci zaɓe, wani ya ci amana. A sha iska, a sha wahala, ɗan kokawa ya sha kaye. Wa ya ga kwano?"

Malamin firamarenmu ya ce duk suna da suna, kuma Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka tsara su. Baƙi kamar gawayi, kamantawa ce. Kano tumbin giwa, siffantawa. Rana ta leƙo, mutuntarwa. Na zo gidanka sau dubu, kambamawa.

"Habaici fa, Malam?" in ji yarinyar.

Dattijon ya karɓe. "Kin taɓa jin goggonki tana yi wa kaza faɗan kwaɗayi, alhali kishiyarta na tsakar gida? Ba a ambaci kowa ba. Wanda ya tsargu, ai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as."

Ni abin da nake so ta riƙe shi ne dalilin. Kunya ce ta koya mana lulluɓe zance. Magana zarar bunu ce, don haka muke sa mata riga kafin ta fita, mai ji ya gane, mutuncinsa kuma bai zube ba.

Da ta tashi, dattijon ya ce da ni, "In ka shiga, a gaishe da mutanen gida." Matata yake nufi. Yarinyar ta sake buɗe littafinta, ta rubuta.