Talotalon da Ya Fi Ka Gini

Birisben, Ostireliya
20 ga Satumba

Zuwa ga taubashina, sarkin farautar baka,

Yaya Inna da ƙafa? Na san yanzu gero ya nuna, kana can gonar Kawu da sunan taya shi korar tsuntsu, alhali tumu kake gasawa. Mu nan yanzu muke fita daga sanyi, don komai na ƙasar nan a juye yake. Yuli ne hunturu, Disamba ne zafi, in kuma za mu yi salla yamma muke fuskanta.

Shekara da shekaru kana cika mana kunne a dandali cewa babu naman dajin da ba ka san halinsa ba, ga shi ban taɓa ganin ka shigo gida da abin da ya wuce kurciya ba. To gyara zama, yau ni ne malamin.

A bayan gidan da nake haya akwai wani tsuntsu mai kama da talotalo, jikinsa baƙi, kansa ja, wuyansa rawaya. Tun watan jiya ya kama aiki. Daga asuba yake fara shuri da ƙafa, yana watsa busasshen ganye da ƙasa ta bayansa, har ya tayar da tudun da ya kai mini ƙugu, faɗinsa kuma ya kusa ɗakin kwananka. Tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita ta yi kuka ta gaji, don duk takin da ta zuba wa furanninta ya kwashe. Wannan tudu shi ne sheƙarsa. Mata su zo su tona, su saka ƙwai, su kama gabansu. Babu mai kwanci. Ganyen da ke ruɓewa a ciki shi ke ba da ɗumi, namijin kuma shi ne mai gadin zafin. Sai ka ga ya tona rami ya cusa baki ya ɗanɗana. In zafin ya haura abin da yake so, wajen digiri 33 zuwa 35, ya rage ganye. In ya sauka, ya ƙara. Ɗan tsakon kuwa in ya ƙyanƙyashe, shi kaɗai zai yi ta tono har ya fito sarari, da gashinsa cikakke, bai san uwa ba bai san uba ba, kuma ba ya daɗewa yake tashi sama. Ina tsayawa ta taga ina kallon tsuntsun nan ina tasbihi. Sai kuma in tuna ɗakin da ka fara ginawa tun kafin in taso, wanda aka ce mini har yau yana linta.

Watan nan kuma watan fargaba ne ga masu keke. Akwai wani tsuntsu da suke kira magfai, baƙi da fari kamar hankaka, ga murya mai daɗi da safe. Lokacin da yake da 'ya'ya a sheƙa, namijin kan sauko ta bayan mutum kamar kibiya ya kai masa sara a ka. Ba dukansu ke yi ba, ƙalilan ne, amma wanda ya ɗauke ka abokin gaba ya riƙe fuskarka ke nan, baɗi ma zai gane ka a cikin jama'a. Shi ya sa za ka ga dattijo da mutuncinsa a kan keke, ya ɗaure wa hular kwanonsa tsinkayen roba sun yi cirko-cirko kamar ƙayar beguwa. Na yi tunanin sanƙon nan naka da ke ƙyalli tun daga bakin kasuwa. In Allah ya nufe ka da zuwa, ka bari sai Nuwamba.

A Sidni kuwa wani farin aku ne mai tukku rawaya ya addabi unguwanni. Ya koyi buɗe mazubin shara: ya ɗaga murfi da baki, ya riƙe, ya taka gefen mazubin a hankali har murfin ya kife baya. Kafin 2018 a unguwa uku kawai aka san su da wannan, zuwa ƙarshen 2019 abin ya kai unguwa 44, don suna kallon juna suna koya. Mutane suka riƙa ɗora bulo a kan murfi, su kuma suka koyi ture bulon. Kai da aka yi wata uku ana nuna maka yadda ake tura kuɗi ta waya, me za ka ce?

Ran Asabar na kai yara gidan dabbobi na Lone Pine, wanda aka buɗe tun 1927. Can na ga ɗan'uwanka. Sunansa kowala, yana barcin awa 18 zuwa 20 a rana, in ya farka ya ci ya koma. Sai dai shi yana da hujja. Abincinsa ganyen bishiyar turare ne, irin wadda ake shukawa a bakin hanyoyinmu, don asalinta ma daga nan take. Ganyen ga tauri, ga guba, ga ƙarancin amfani a jiki, dole ya yi tattalin ƙarfinsa. Kai tuwo kake ci da man shanu, ban san taka hujjar ba.

Na ga wambat, gajere kakkaura mai haƙa rami kamar gafiya. Bakin jakar da macen ke goyon ɗanta a ciki baya yake kallo, don kada ƙasa ta cika ta in tana tono. Kashinta kuwa mai kusurwa ne, kamar dunƙulen magi. Na san za ka ce ƙarya nake, shi ya sa na ɗauki hoto. Sai filatifas, mai bakin agwagwa da jikin gashi, tana saka ƙwai kuma tana shayarwa, namijin yana da ƙaimi mai dafi a ƙafar baya. In ta nutse takan rufe ido da kunne da hanci, da bakin nan take jin motsin lantarkin da ke jikin abin da za ta kama. Da aka kai fatarta Ingila, masanin da ya duba ta a 1799 sai da ya yi zargin ɗinke ta aka yi don a yaudare shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin kwaɗo. A 1935 aka kawo wasu manyan kwaɗi 102 daga Hawai, don su cinye ƙwarin da ke ɓata rake a arewacin jihar nan ta Kwinsland. Ƙwarin suna can saman kara, kwaɗi suna ƙasa, aikin bai yiwu ba. Suka hayayyafa suka zama miliyoyi, ga dafi a kafaɗunsu. Damo ya haɗiya ya mutu, maciji ya haɗiya ya mutu, har kada na ruwan daɗi bai tsira ba. Ɓarna ce babba, kuma hannun mutum ne ya jawo ta. Amma dubi yadda halittun suka nemo mafita. Hankakan nan ya gane inda dafin yake, sai ya birkice kwaɗon rigingine ya ci ta ciki. Jinjimi, wanda a nan ya zama ɗan bola, yakan kama kwaɗon ya yi ta wurgi da shi har ya zubar da dafin, ya goge shi a jiƙaƙƙiyar ciyawa ko ya wanke a ruwa, sannan ya haɗiye. Wani baƙin maciji mai jan ciki kuwa, a wuraren da kwaɗin suka daɗe, an auna an ga kan jikokinsa ya ƙanƙance, ta yadda babban kwaɗon da zai kashe shi ba ya shiga bakinsa.

Yanzu ga wanda nake so ka ajiye wasa ka saurara. Shirwar nan da ke taruwa a sama in an sa wa daji wuta a gida, akwai 'yar'uwarta a nan, halinsu ɗaya. Amma mutanen asalin ƙasar, can arewa, sun daɗe suna faɗin cewa tana ɗaukar itace mai ci da wuta ta jefa a inda bai kama ba, don fara da ƙadangaru su fito ta samu na kai wa baki. An daɗe ba a ɗauki maganarsu da nauyi ba, sai a 2017 wasu masu bincike suka tattara shaidar waɗanda suka gani da idonsu, har da ma'aikatan kashe gobara, suka buga. Da na ji haka Kawu ne ya faɗo mini a rai. Shekara nawa ya yi a daji, abubuwa nawa ya gani da babu wanda ya rubuta?

Ka gaya wa Inna na gode da niyyarta, amma kada ta ba kowa kilishi ya kawo mini. Ƙasar da ta ɗanɗana kuɗarta a kan kwaɗo ba ta wasa da abin da ake shigowa da shi. Karnuka ke shinshina kaya a filin jirgi da gidan waya, ƙwacewa za a yi, wanda ya ɓoye kuma a ci shi tara. Kuɗin shara na bana ban yafe ba, nisa ba ya kashe bashi.

Ka je wurin Kawu da dare ka karanta masa maganar shirwar nan, ka tambaye shi ko ya taɓa ganin tamu ta ɗauki wuta. Duk abin da ya faɗa, a kan shirwa ko gaiwa ko kura, ka ɗauka a waya ka turo mini. Yarana suna tambayata dabbobin gida, ina so su ji daga bakinsa. A gai da kowa da kowa.

Wassalam,
Taubashinka