Masu Jiran Gida Ya Yi Arahar Albasa

Tun ranar da na faɗa a wata majalisa da ke bakin mararrabar Tsarnawa cewa duk mai 'yan kuɗi a hannu da ke zaman haya, yanzu ne ya kamata ya fara zagayen neman fili, ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wani ya ce dillalai sun ba ni la'ada. Wani ya ce mai alƙalami bai san nauyin buhun siminti ba. Wani dattijo kuwa, wanda nake kira Baba, bai ce uffan ba. Ya dubi fuskata, ya dubi takalmina, ya ci gaba da jan carbinsa. Wannan ta fi yi mini ciwo. To, ga ni na dawo. Ba zan kama suna ba, amma kowa zai gane hularsa.

Bari in fara da ku, Alhazai masu filaye, da kuka rantse cewa babu abin da ya sami kasuwa. "Ƙasa ba ta faɗuwa," in ji ku. Allah ya ja zamaninku, na yarda ba ta faɗuwa a bakinku. Filin da kuka yi wa kuɗi miliyan uku shekaru huɗu da suka wuce, yau ma miliyan uku ne, gobe ma haka. Tambayata ɗaya: wa ya taya? Farashin da ke baki daban, wanda ke shiga aljihu daban. A ƙasashen Turawa in kasuwar gidaje ta karye, lambobi ne ke sauka a jarida kowa ya gani. A nan shiru take yi. Za ka ga dillalin da a da sai an bi layi kafin a gan shi, yau yana gyangyaɗi a gindin bishiya, wayoyinsa biyu a kan cinya, babu wadda ta yi ƙara tun hantsi. Za ka ga gini ya kai linta ya tsaya cak, rodi ya yi tsatsa yana nuna sama, awaki sun tare a ɗakin da aka tsara wa amarya. Daga Tsarnawa zuwa Birnin Konni tafiyar 'yan mintoci ce. Ku hau mota ku zauna kusa da taga, ku ƙirga irin waɗannan kangaye, sannan mu yi magana.

Kuma ba aljanu ne suka tsayar da su ba. Gidan wannan yanki da kuɗi iri uku ake gina shi: kuɗin albasa, kuɗin iyaka, da kuɗin da 'yan cirani ke aikowa. Duka ukun sun sha duka a jere. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020, kuma wanda ya san yadda Konni da Illelar Sakkwato ke numfashi da hanci ɗaya ya san abin da hakan ke nufi. An fara farfaɗowa ke nan, sai 2023 ta zo da nata. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin man fetur a Najeriya, ribar 'yan ruwa-ruwa masu jera kwalabe a bakin hanya ta tsuke. A Yuni aka saki naira ta nemi farashinta da kanta. Dalar Amurka da take wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 kafin a kai Maris na shekarar da ta biyo. Sefa kuwa na ɗaure da Yuro, ba ta motsa ba. Yaron da ke tura kura a Legas, ko yake gadi a Abuja, yana aiko wa tsohuwarsa abin da ya saba, amma in an kai wurin ɗan canji sai kuɗin su koma kamar an wanke su da ruwan zafi. Sai juyin mulkin 26 ga Yuli a nan Nijar, sai takunkumin CEDEAO, sai aka sake garƙame iyaka, aka kuma yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. Ba a buɗe hanya ba sai Maris 2024. Ta wajen Gaya da Malanbil kuwa, inda manyan motocin albasa suka saba bi su gangara bakin teku, gada ta ci gaba da zama a rufe. Duk kwanan da mota ta ƙara a hanya, albasa ce ke biya, kuma abin da ya ruɓe a cikin buhu, bulo ne ya ragu a jikin bango.

Saboda haka, Alhaji, ƙasarka ba ta faɗi ba. Zaune take kawai, kai ma kana zaune kusa da ita.

Yanzu ku, abokaina na gaske, masu jira. Ku ne kuka fi yawa, ku ne kuma kuka fi baki. "Malam, ka bari ya ƙara sauka." Tun bara nake jin wannan magana, har na fara zaton sunan wata unguwa ce. Na san inda kuka samo wannan dabara, kuma ban raina ta ba. A kasuwar albasa kuka koye ta. Kowa a nan ya san cewa da kaka, wajen Maris da Afrilu, lokacin da jar albasar Galmi ta cika ko'ina, buhu kan faɗi warwas, mai wayo ya saya ya zuba a rudu, ya jira damina ta wuce farashi ya ninka. Kun ga manomi yana sayarwa da hasara, sai kuka ɗauka mai gida ma haka zai yi in an matsa masa da haƙuri.

Kun manta abu guda. Manomi na sayarwa ne don albasa na ruɓewa, kuma wanda ya ba shi bashin taki da man injin ban ruwa yana tsaye a bakin gona. Mai fili wa ke tsaye a kansa? A Amurka, lokacin da kasuwarsu ta rushe a 2008 har bankin Lehman Brothers ya durƙushe a watan Satumba, mutane da bashin banki suka sayi gidajen. Da suka kasa biya, bankuna suka ƙwace, suka zubo gidaje kasuwa gaba ɗaya kamar albasar kaka, dole farashi ya karye. A nan fa? Gidan Tsarnawa ba da bashin shekara talatin aka yi shi ba. Bana an yi tushe, baɗi an ja bango, in yaro ya dawo daga Abijan ko Libiya da ɗan abin hannu a sa kwano. Ba a bin mai shi ko dala. Zai iya rufe ƙofa ya bar wa jikokinsa, kuma don ya ba ku haushi zai yi hakan. Wannan zaman da kuke yi, shi Bahaushe ke kira jiran gawon shanu.

Ba wai araha ba ta fitowa ba. Tana fitowa, amma ba a yi mata shela. Rabon gado ya taso, magada shida, gida ɗaya, kowa na son nasa a hannu. Ko rashin lafiya ta kai mutum asibitin Galmi. Ko auren ɗiya ya matso. Sai a kira dillali bayan sallar isha, a ce masa ya nemo mai kuɗi a hannu, amma kada gari ya ji. Dillali kuwa wa zai tuna? Wanda ya saba zuwa yana tambaya, ya taka filaye goma, aka san da gaske yake. Ba zai tuna da kai ba, kai da ke kan benci kana lissafin ranar da za a raba gidaje sadaka. (Wannan araha tana da ɗaci, ban ɓoye ba. Wanda ya same ta ya ji tsoron Allah, kada ya yi wa mai matsuwa yankan rago.)

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne na san ku tun lokacin da kasuwa ke ci. Ku ne kuke bin dillali har masallaci, kuna cewa a rubuta sunanku ko da filin a bayan gari yake, inda ko jaki sai ya yi shawara kafin ya je. A lokacin komai na da tsada, amma zuciyarku ƙwarai take, don kowa na saye. Yau da mai fili ke tashi ya ba ka kujera, ya aika a kawo maka ruwan sanyi, ya yarda ka biya kashi biyu, yau ne kuka zama masu hangen nesa. Ashe ƙarfin zuciyar taku ba taku ba ce, ta maƙwabci ce kuka ara, da ya karɓi abarsa sai kuka tsaya.

Akwai waɗanda ba zan zolaya ba. Su ne suka ce mini, "Mun ji, amma ina kuɗin?" Gaskiyarku. Wanda buhun hatsi ya gagara, ba a yi masa wa'azin fili. Kuma kada wani ya ce na ce a sayar da jarin shago, ko shanun noma, a binne a ƙasa. Fili ba ya haihuwa, ba a tatsarsa, kuma kun ji da bakina cewa sayar da shi yanzu wuya ne. Wanda zai saya don ya juya baɗi ya ci riba, ya koma layin Alhazan can na farko, akwai wuri a tabarmarsu. Maganata da mai neman inda zai sa iyalinsa ne, wanda duk ƙarshen wata yake miƙa kuɗin haya yana gaishe da mai gida da murya ƙasa-ƙasa.

Shi wannan, har siminti ya ɗan yi masa sassauci. Bayan ambaliyar daminar 2024, wadda ta rusa gidaje masu ɗimbin yawa a faɗin Nijar, gwamnati ta sauke farashin siminti a watan Oktoba na 2024. Ga kuma Malbaza a gefenmu, inda ake yin siminti tun shekarun 1960. Mun daɗe muna ganin motocinsa na wuce mu zuwa Yamai, muna shaƙar ƙurarsu kyauta. Na san wani zai ce farashin gwamnati daban, na mai shago daban. To, ka je ka tambaya. Zuwa da kai ya fi aike.

In tsoro kuke so, ni zan ba ku abin tsoro na gaske, don na ɗanɗana. Shekarun baya na sayi wani fili da rani. Shimfiɗaɗɗe, ƙasa mai laushi, ga iska, ga araha. Wanda ya kai ni ya ce irin wannan wuri sai mai rabo. Ban tambayi kowa ba, don kada a riga ni. Watan Agusta ya zo, na je in nuna wa matata inda za mu yi ɗakin girki, sai muka tarar da tafki, yara na wanka, kwaɗi na ta biki. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Maigida, ashe masunci na aura." Har yau in muka yi saɓani, ba ta ɗaga murya, sai dai ta tambaye ni lafiyar kifayena.

Don haka fili da damina ake dubansa, ko a tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ke bi in ya sauko. Bayan ruwa sai takarda. Tun 1993 Nijar ke da dokar filayen karkara, kuma a ƙarƙashinta aka kafa hukumomin da ake kira Kofo, daga na ƙauye zuwa na kwamin zuwa na dapartama, waɗanda ke shaida ciniki su ba da takarda. In filin rabon gari ne, a je ofishin magajin gari a duba lambarsa a littafi. In gonar gado ce aka yanka, a tabbata duk magada sun sani, har wanda ke cirani, don shi ne zai dawo bayan shekara bakwai da takardarsa da fushinsa. A tafi da mai gari, da shaidu, da maƙwabtan iyaka huɗu. In wani zai sayar maka da filin da ke kan zane kawai, bai kai ka ka taka turakunsa ba, ka tuna mutanen Sin da suka biya kamfanin Evergrande kuɗin gidajen da ba a gama ginawa ba. Bashin kamfanin ya haura dalar Amurka biliyan 300, kuma a Janairu 2024 kotu a Hong Kong ta ba da umarnin a rushe shi. Su ma takarda mai kyau aka nuna musu, mai launi.

Abin mamaki, waɗanda sanyin kasuwa bai firgita ba su ne mata. Wata yayata da ke sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ba ta san Lehman ba, ba ta kuma nemi sani ba. Ta kwashi adashe sau biyu, ta haɗa da kuɗin tumaki uku, ta tura ƙanenta ya yi ciniki a kan ɗan fili, aka yi takarda da sunanta. Mijinta na majalisarmu. Yana cikin masu cewa a bari ya ƙara sauka, kuma da ƙarfi yake faɗa. Ba ni zan gaya masa ba.

Shekaranjiya bayan sallar asuba na bi ta bayan gari, sai na hango mutum biyu cikin hazo. Ɗaya na tafe yana ƙirga taku, ɗaya na biye da igiya. Da na matsa, sai ga dillalin nan mai wayoyi biyu, idonsa tar. Mai ƙirga takun kuwa Baba ne, carbi a wuya, ya naɗe ƙafar wando. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya sake duban takalmina, sannan ya ce, "Yaro, ba ka gan ni ba. Kuma ka ɓata mini lissafi, sai na koma daga turken farko."