Masu kama ɓarayi, manhaja ta gagare su

Hukumar FBI ta Amurka, wadda ake cewa ba ta rasa sawun mai laifi, ta taɓa shafe shekaru tana neman manhajarta ba ta same ta ba.

A 2001 aka bai wa kamfanin SAIC kwangilar gina manhajar da za ta raba jami'an hukumar da tulin takardu da tsohuwar na'urar adana bayanan bincike. Aka raɗa mata suna Virtual Case File tun kafin a haife ta. Sai manyan hukumar suka shiga sauya ra'ayi: yau a ƙara wannan, gobe a cire wancan, tamkar mai ɗinkin Sallah da ke komawa wurin tela kullum da sabon awo. A 2005 aka yi jana'izarta, bayan an kashe mata kusan dala miliyan 170. Ba ta taɓa aiki gadan-gadan ba.

Aka ce to, a sake lale. A 2006 kamfanin Lockheed Martin ya karɓi kwangilar gina sabuwar manhaja mai suna Sentinel, wadda aka yi wa kasafin dala miliyan 425. Ita ma ta kama jan ƙafa. A 2010 hukumar ta karɓe yawancin aikin, ta tara 'yan ma'aikata kaɗan, suna gina shi gutsure-gutsure, suna gwadawa. Sai ga manhaja ta tashi a 2012.

Jama'a, kafin a sa hannu a kwangila, mai bayarwa ya fara sanin abin da yake so. In ba haka ba, ɗan kwangila zai ci, talaka ya biya.