Karen da ya shekara arba'in a kan rufi

Ranar Talata da magariba ina tsaka da alwala aka danna ƙararrawar ƙofa, irin dannawar da mai yin ta ba ya ɗage yatsa. A unguwar nan tamu ta Becontree, gabashin Landan, mutum biyu ne ke yi maka haka: mai kawo saƙon da ba naka ba, da mai yawo da takardar koke. Ina buɗewa sai ga Baba maƙwabcina, Bature ɗan shekara saba'in da ɗoriya, rungume da takardu, ga biro ɗaure da zare don kada wani ya wuce da shi. Wai mashayar bakin titi ce za a rushe a gina gidajen haya, shi ne ya zo in sa hannu a cece ta.

Ni fa. Da hulata, ruwan alwala na ɗiga daga gemuna.

Na ce, "Baba, yaushe rabonka da shiga wurin?" Ya ɗaga kai yana duban sama kamar can aka rubuta amsar, can ya ce, "Tun da aka hana shan taba a ciki, ɗana." Dokar nan ta fara aiki a Ingila ranar 1 ga Yulin 2007. Jaririn da aka haifa a wannan rana, yau ya isa ya shiga mashayar da ƙafarsa, ba mai tambayar sa katin shaida sau biyu. Tun daga lokacin Baba a babban kanti yake sayen giyarsa, katan guda duk Juma'a, ya sha a gaban talabijin shi kaɗai. Ba leƙen asiri nake yi ba, gwangwanayen ne ke kai ƙarar sa duk ranar kwasar shara.

Kun dai san halin. Wuri yana nan da ransa ba mai leƙa shi, ranar da aka buga katako a tagoginsa sai masoya su ɓullo ta ko'ina, kowa da ƙwallarsa da tsohon hotonsa. Turawan nan kuwa sun mai da makokin mashaya sana'a. A watan Agustan 2023 wata karkatacciyar mashaya kusa da Dudley, mai suna Crooked House, ta kama da wuta, bayan kwana biyu aka sa katafila aka baje ta. Ƙasar nan kaf ta zauna zaman makoki, har da masu kwana a wurin suna gadin bulo. Kafin ita, a 2015, an rushe Carlton Tavern a Landan ba da izini ba, hukuma ta ce sai an mayar da ita yadda take, bulo bisa bulo, aka kuwa sake buɗe ta a 2021. Akwai ma doka ta 2011 da ta ba mutanen unguwa damar yi wa irin wannan gini rajista a matsayin kadarar al'umma. Duk wannan Baba ya haddace, da shekara da wata. Na tambaye shi sunan matar da ke riƙe da mashayarmu yanzu, ya ce ashe mace ce?

Sai ya buɗe shafi na biyu na takardar, inda aka jero dalilan da suka sa ginin ya zama abin tarihi. Dalili na farko kare ne.

Mashayar ba ta cikin tsofaffin ginin unguwa, daga baya aka dasa ta, akwati ce ta siminti mai shimfiɗaɗɗen rufi. A kan rufin nan, in ji duk wanda ya haura sittin a layinmu, akwai wani kare irin na 'yan sanda da ke zaune dare da rana. Ba wanda ya taɓa ganin an hau da shi. Ba wanda ya taɓa ganin ya sauko. Ba tsani, ba matakala ta waje, kare dai yana sama yana sintiri yana yi wa motar bas haushi. Baba ya rantse karen yana nan ranar da Ingila ta ci kofin duniya a 1966, har ya yi haushi sau huɗu, ɗaya ga kowace ƙwallo, ya yi shiru a biyun da Jamus ta Yamma ta ci. Tsohuwar da ke ƙarshen layi ta ce yana nan lokacin da Thatcher ta hau mulki a 1979, yana nan da ta sauka a 1990. Mai gyaran famfo ya ce da idonsa ya gan shi makon da aka hana shan taba, ya leƙo kai yana kallon mashaya sun fito waje cikin ruwan sama suna zuƙa. Irin wannan kare in ya yi shekara 13 a duniya an ce ya tsufa ƙwarai. Namu ya yi 41 a kan rufi, masu mashaya uku sun zo sun tafi, shi yana nan.

Na ce ko karnuka ne daban-daban, wani ya mutu a sake hawa da wani? Baba ya dube ni kamar na zagi kakarsa. Kare ɗaya ne. Sunansa ne dai ba a daidaita a kai ba, don kowane gida da sunan da yake kiran sa, kuma kowa na da tabbacin shi kaɗai karen ke kaɗa wa wutsiya. Girmansa ma ƙaruwa yake yi gwargwadon shekarun mai ba da labari: a bakin ɗan sittin ya kai ɗan maraƙi, a bakin ɗan tamanin sai an yi masa sirdi. An ce yana gane motar 'yan sanda tun tana kwanar titi. An ce yana jin ƙararrawar ƙarfe sha ɗaya ta sayen ƙarshe sai ya kwanta, alamar kowa ya kama gabansa. An ce ranar da ƙungiyar ƙwallon West Ham za ta sha kashi ba ya cin abinci tun safe, wanda hakan ke nuna karen ya sha azumi ba kaɗan ba. Tambaya ɗaya na yi wadda ta tsayar da hira cak: shekara arba'in a sama, ina yake zagayawa? Baba ya yi shiru, sannan ya ce a zamaninsu ana ruwan sama sosai. Ƙofar shiga mashayar kuwa daidai ƙarƙashin indararo take. A shafi na uku an nemi a manna wa bangon shuɗin allon nan na tarihi da ake manna wa gidajen manyan mutane, da sunan karen a jiki, da zarar kwamiti ya cimma matsaya a kan sunan.

Bayan kare sai Alf Ramsey, kocin da ya ciyo kofin 1966. Gaskiya ne ɗan Dagenham ne, a nan aka haife shi a 1920, tun wurin yana gonaki. To amma in ka tara tsofaffin da suka ce sun taɓa saya masa kofi guda a mashayar nan, mutumin bai samu lokacin horar da kowa ba.

Matar Baba, wadda muke kira Iya, ita ma tana da nata tarihin, sai dai ba a sa shi a takarda ba. Ta shinge ta ba uwargidana. Ta ce abin da take tunawa shi ne Juma'a, ranar da ake biyan ma'aikatan Ford kuɗinsu a ambulan, da yadda ambulan ɗin ke ramewa tsakanin ƙofar masana'anta da ƙofar gida. Ta tuna dardumar da ke kama takalmi saboda danƙo, da hayaƙin da ke bin labule har gida, da tagar da ake sauya wa gilashi kusan duk ƙarshen mako. Yara kuma a bar su a waje kan dakali cikin sanyi da ledar soyayyen dankali da lemon kwalba, uba na ciki yana jifan allo da 'yan kibau. Yaran nan su ne yanzu suka yi furfura suke cewa ba a taɓa jin daɗi irin na lokacin ba. Iya ta ce ranar da za a rushe wurin a ajiye mata kujera a gaba.

Kada ku cika dariya, mu ma muna da su. Dattijon da ke zaune a majalisa yana kukan rufe gidajen sinima na Kano, shi ne wanda ya zane ɗansa da dorina don an gan shi a layin sayen tikiti.

Abin da ya fi ba ni dariya, waɗanda suka gina unguwar ba su so mashaya ba tun farko. Hukumar gundumar Landan ce ta gina Becontree tsakanin 1921 da 1935, gidaje sama da 25,000, mutum sama da 100,000, akasari an kwaso su daga lungunan gabashin birni don a koya musu zaman mutunci. Mashaya 'yan ƙalilan aka yarda a gina, su ma manya-manya masu ɗakin cin abinci, don magidanci ya ji kunyar buguwa a gaban iyali. Aka ba kowa dokoki: a wanke tagogi, a goge dakalin ƙofa, a kula da lambu. Wato kakannin masu koken nan ƙorafinsu shi ne an kawo su daji ba wurin sha. Jikoki kuma ga wurin sha a bakin titi, sun ƙi shiga.

Zan iya haƙuri da kare, zan iya haƙuri da Ramsey. Inda raina ke ɓaci shi ne jimlar da ke biyo baya, wadda ake faɗa a hankali ana kallon gefen hulata: "Unguwa ta canja." E, ta canja. Wa ya canja ta? Ford da ta buɗe a 1931, ta taɓa ɗaukar ma'aikata wajen 40,000, ta daina harhaɗa mota a Dagenham a 2002, ba ni na rufe ta ba. Dokar 1980 ta ba 'yan haya damar sayen gidajen hukuma da rahusa, suka saya, farashi ya tashi suka sayar, suka tattara suka koma bakin teku a Essex ko Sifaniya, daga can suke aiko da ta'aziyyar unguwa. Wanda ya sayi gidan ya yanka shi ɗaki-ɗaki ya zuba mu a ciki, muna biyan haya kamar muna biyan diyya. A 2006 unguwannin nan suka ba jam'iyyar BNP ta masu ƙin baƙi kujeru 12 a majalisar ƙaramar hukuma, a 2010 aka kwashe su tas, mashaya ko ɗaya ba ta dawo ba a tsakani. Mu da ba ma sha aka ɗora wa laifin mutuwar wurin sha, masu sha kuma suna gida da katan. Kuma ban taɓa ganin Baba da biro mai zare ba ranar da samarin layin nan suka rasa inda za su zauna da yamma in ba tashar bas ba.

Ga shi kullum zancensa zumunci. A da, in ji shi, ba a kulle ƙofa, kowa ya san kowa, maƙwabci na shiga kicin ɗin maƙwabci ya ɗebi sukari. Mutumin da ke faɗin haka kyamara biyu ce a ƙofarsa, ɗaya na kallon titi ɗaya na kallon ta farkon. Shingen ganyen da unguwar ta yi suna da shi ya tumɓuke ya malale wurin da siminti don motarsa. Wannan bai ishe shi ba, sai da ya mallaki titin gaban gidan ma. Titin gwamnati ne, amma da ya fita sai ya turo kwandon shara mai taya ya kafa a wurin, ya ƙara da jan mazubin nan na masu gyaran hanya, wanda Allah kaɗai ya san inda ya samo shi. Kwandon nan ya fi wasu ma'aikata zuwa aiki a kan lokaci. Ranar kwasar shara, da yake kwandon na bakin aikinsa na asali, kujerar roba ce ke karɓar sa.

Ranar sunan 'yata baƙi suka zo daga Leicester da Manchester, wani bawan Allah ya matsar da kwandon taku biyu ya ajiye motarsa. Gidana da na Baba bango ɗaya ne. Yana jin hayaniyarmu, ya ga an kai masa shinkafa da naman rago har ƙofa, ya karɓa ya yi godiya. Bai ce uffan a kan motar ba. Sai da baƙon ya fito zai tafi ya tarar da takarda a maƙale a gilashin mota, da manyan baƙaƙe, an ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar "ladabi", an sa hannu da "wani mazaunin unguwa". Mazaunin unguwa! Kamar mu dubu ne a layin da ke rubuta harafi yana kwanciya hagu. Tun daga nan takardun ba su yanke ba: ɗaya don kwandona ya kwana a waje, ɗaya don reshen bishiyata ya leƙa masa, ɗaya don wani ya rufe ƙofar mota da ƙarfi bayan sallar asuba. Uwargida tana tara su a cikin gwangwanin biskit. Da safe kuma mu haɗu a ƙofa ya yi mini murmushi ya ce yau da alamar ruwa.

Rubutun da ke kan takardar koken nan, harafi bisa harafi, shi ne na cikin gwangwanin biskit, har da layi biyun. Zaren biron ma na gane shi, irin wanda yake ɗaure kwandonsa da shi ne ranar iska.

Saboda haka 'yan uwa masu niyyar kawo mini ziyarar sallah bana, don girman Allah ku bar motocinku a gida. Ku hau jirgin ƙasa layin District, ku sauka a tashar Becontree, zan zo in tarbe ku da ƙafa.