Yadda Na Kai Ƙarar Kaina da Rasit

Shekara 22 ina aikin rajista a wata ma'aikata a Abuja, kuma babban abin da aikin ya koya mini shi ne siririn fayil ba shi da kwarjini. In masinja ya rungumo fayil da hannu biyu yana nishi, kowa a ofis sai ya gyara zama. In kuwa ya riƙo shi da yatsa biyu kamar ƙosai mai zafi, to ƙarƙashin tiren shayi zai kwana. Da wannan aƙida na tunkari maganar samar wa maiɗakina takardar zama 'yar ƙasa, kuma saura ƙiris in rasa takardar da maiɗakin gaba ɗaya.

Ni Bakano ne, ita 'yar Maraɗi. An ɗaura mana aure a 2011, muka tare a Kubwa, Allah ya ba mu 'ya'ya huɗu. Duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa tambayar ta takarda, sai fa mai cika tukunyar gas da ke neman rasit. Sai ga juyin mulkin Nijar ranar 26 ga Yulin 2023. Aka rufe iyaka, Jibiya ta zama ƙarshen duniya, ba a buɗe ta daga ɓangarenmu ba sai Maris na 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Daga nan 'yan majalisarmu ta wajen mai shayi suka fara kallona kamar mai ajiye kayan fasa-ƙwauri a gida.

Da na kai mata maganar, dariya ta yi. Ta ce, "Baban Abba, ni za a ce wa baƙuwa? Kakannina daga Katsina suka tashi." Kuma ba ƙarya ta yi ba. Sarakunan Katsina na Haɓe da jihadi ya tasa a farkon ƙarni na 19 su ne suka kafa Maraɗi, har yau ma mai sarautar garin Sarkin Katsina ake ce masa. Sai dai Kundin Tsarin Mulki na 1999 bai tambayi inda kakan kakanka ya ɗaure doki ba. Yaranmu 'yan Najeriya ne tun daga haihuwa saboda ni. Ita kuwa sai ta bi ta sashe na 26, wanda ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar a yi mata rajista, in an gamsu da halinta, an ga da gaske nan take nufin zama, sannan ta yi rantsuwar biyayya ga ƙasa. Wanda ba shi da wannan ƙofar sai ya bi ta sashe na 27, ya shekara 15 a ƙasar kafin a saurare shi.

Bari in ɗan ratse. Ƙofar nan ta aure hanya ɗaya take buɗewa. Namiji na iya jawo matarsa, amma 'yar Najeriya ba ta iya jawo mijinta baƙo. A Maris na 2022 aka kai ƙudurin gyara wannan gaban Majalisar Tarayya aka kayar da shi, har mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar. A lokacin ban damu ba. Sai ma na riƙa jin kaina kamar wata ƙaramar ma'aikata mai zaman kanta: ni ne ƙofa, ni ne mabuɗi. Ku riƙe wannan girman kan, za mu dawo kansa.

Na bincika na gano Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ke da alhakin abin, ta intanet ake cikewa, jami'an tsaro su tantance, kwamiti ya duba, sannan a kai sama a amince. Na kuma tuna a Satumbar 2022 Shugaba Buhari ya miƙa wa mutum 286 takardar zama 'yan ƙasa a fadar gwamnati. Na ce a raina, mutum 286 kacal a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200? Lallai sai mai ƙaton fayil. Abin da aka nema kuwa bai taka kara ya karya ba: takardar aure, takardar haihuwa, fasfonta, hotuna, shaidar cewa ni ɗan ƙasa ne, da takardun masu tsaya mata, duka guda tara. Da na jera su a kan tabarma sai na ji kunya ta kama ni. Wannan ai ko neman aikin gadi ya fi shi kauri.

Na kai shawara majalisa. Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin kotu ya kurɓi shayinsa ya ce, "Malam, abin da aka tambaye ka shi za ka bayar. Mai amsa tambayar da ba a yi masa ba, shi ke kwana a caji ofis." Wani kuma, direba ne da bai taɓa cike fom ba a rayuwarsa, ya ce, "Kai dai loda musu. In sun ga yawa ai sun san ba wasa ka zo yi ba." Ku canki shawarar wa na ɗauka.

Sati biyu ina tattara hujja. Na haɗa katin gayyatar ɗaurin aure. Na haɗa takardun kuɗin wuta na shekara tara, don a san ba ma satar lantarki. Na sa katin awon ciki huɗu, da katin rigakafin yara, da sakamakon jarrabawarsu, ban da na Abba na aji uku wanda na ga zai iya jawo wa iyali baƙin jini. Na sa takardar shaidar saukar Alƙur'aninta, da hoton ranar da ta ci gasar girki a Islamiyya, da littafin adashinta don a ga tana taimakon tattalin arzikin ƙasa. Na je na kwafo shafi 11 na tarihin Katsina da Maraɗi na ja layi da jan biro. Har hotonmu a gaban Dutsen Zuma na sa, ita da yara suna murmushi, ni na ƙame kamar mai tsaron iyaka. Da na ƙirga, shafi 213. Fayil ya ƙi ɗauka, sai jakar Gana-mas-go.

Da ta ga jakar ta ce, "Takardar ƙasa za mu nema ko ƙaura za mu yi?" Na ce mata harkar gwamnati ce, ta bar wa masu ita.

Ranar wata Talata muka hau tasi daga Kubwa. Direba ya ce jakar sai ta biya kuɗin mutum ɗaya, na biya ba musu, don a ganina ta fi wasu fasinjojin muhimmanci. Muka sauka Garki, muka shiga wani shagon kwamfuta inda ake sikanin. Yaron shagon ya leƙa jakar, ya dube ni, ya sake leƙawa.

"Alhaji, duka?"

"Duka."

"Ai gurabun da ke shafin ƙididdigaggu ne. Kowace takarda da wurinta. Babu wurin littafin adashi."

Na ce ya haɗe su wuri guda ya cusa a duk gurbin da ya fi faɗi. Ya ce naira 100 ne kowane shafi. Na ce ko 200 ne. Sai ya gyara kujera, ya ce don kada a rikice zai riƙa karanta kan kowace takarda kafin ya sa mata suna. Na yaba masa ƙwarai. Na ce wa maiɗakina, "Kin ga yaro mai tsari."

A shafi na 30 aka fara samun matsala. Kun san yadda ake rubuta suna a Nijar, da hannun Faransa: Musa ya koma Moussa, Usman ya koma Ousmane, Hajara ta koma Hadjara. To sunan surukina ya fito kala huɗu. Fasfo da irin tasa, takardar aure da tata, katin asibiti da nasa, malamar Islamiyya kuma ta ƙara masa Alhaji, alhali bawan Allah bai taɓa wuce Zinder ba. Shekarar haihuwa ma haka. Takardar Maraɗi ta faɗi ɗaya, katin awon cikin fari ya yarda da ita, amma daga ciki na uku sai na ga maiɗakina ta fara komawa baya. A katin auta ta rage shekara huɗu cur. Na dube ta, ta dubi silin.

Akwai wata lauya a gefe tana jiran a buga mata takardu, matashiya, da baƙar kwat a hannu. Tun ɗazu take danne dariya. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri in sa baki. Masu tantancewar nan aikinsu gwada takarda da takarda. Guda tara ka ba su, tara za su gwada. In ka ba su 200, kowace sabuwar tambaya ce, kuma Hajiya ce za ta amsa." Ta tambaye ni ko na sa an fassara takardar haihuwar daga Faransanci. Na ce a'a. Ta ce ko na yi takardar rantsuwa a kotu da ke nuna duk sunayen nan na mutum ɗaya ne. Na ce a'a. Ta ce, "To su ne kaɗai ƙarin da ke da amfani, don su gyara suke yi, ba tono ba." Shafi 213, kuma babu biyun da ake buƙata.

Da ina da rabo da a nan na ɗaure jakata. Amma mutumin da ya biya wa jaka kuɗin mota ba ya ja da baya saboda maganar yarinyar da aka haifa bayan ya kama aiki. Na ce wa yaron ya ci gaba.

Ya zaro wata ambulan da na rubuta wa "Lefe" da babban baƙi. Ya karanta na farko: rasit ɗin atamfa daga Kantin Kwari, 2011. Maiɗakina ta yi murmushi, har ta ce, "Allah sarki, ashe ka ajiye." Na ji kaina ya ƙara girma. Ya zaro na biyu.

"Kasuwar Wuse. Akwati saiti ɗaya mai guda shida. Atamfa turmi 12. Leshi biyar. Disamba, 2024."

Ko injin sikanin sai da ya yi shiru.

Jama'a, ku yi mini adalci. Ni ma'aikacin rajista ne. Ƙa'idar aikinmu ita ce takarda tana bin maudu'inta, ba shekararta ba. Rasit ɗin lefe wurinsa ambulan ɗin lefe. Hannuna ne ya yi aikinsa ba tare da ya shawarci kaina ba. Kuma ba wai an tsai da magana ba ne. Ana dai kan gaisawa da mutanen wani gida a Dutse Alhaji, kayan kuma na ajiye su wajen wani abokina saboda kar farashi ya tashi. Tanadi ne kawai irin na mai hangen nesa.

Maiɗakina tana da wata alama. Shekara 14 a Abuja sun goge mata harshe, Hausar Kano take yi tsaf. Amma in ranta ya ɓaci, Maraɗi ke dawowa da kayanta.

"Wanga rasit na mi ne?"

Na ce na wani abokin aiki ne, ni na taya shi ciniki.

Yaro mai tsari ya ɗaga takardar sama ya ce, "Sunanka ne a jiki, Alhaji. Har da lambar waya. Wane suna zan sa wa fayil ɗin?"

Ba ta yi ihu ba, wanda ya fi ihu tsoratarwa. Ta karɓi rasit ɗin, ta ninke shi huɗu, ta ɗaure a bakin mayafi. A nan ne shaiɗan ya ba ni shawara ta ƙarshe. Na sassauta murya na ce, "Maman Abba, a bi a hankali. Kar ki manta takardar nan ta hannuna za ta fito."

Lauyar nan ta yi gyaran murya. Ta ce, "Baba, ba don in ɓata maka ba. Sashen cewa ya yi matar da ke auren ɗan Najeriya, ko wadda ta taɓa aurensa."

Maiɗakina ta juyo gaba ɗaya. "Ɗiyata, sake hwaɗi in ji."

Ta sake faɗa, a hankali, kamar mai karanta hukunci.

"Ashe ko babu shi ina samu?"

"Dokar dai haka ta ce, Hajiya."

Ƙofa da mabuɗin da nake taƙama da su, a gaban yaron shago aka cire su daga bango. Na biya kuɗin shafi 147 da aka riga aka yi, na saɓa jakata. A tasin komawa ita ta zauna gaba. Ni da jaka muka zauna baya, kuma wannan karon ma sai da na biya mata.

Washegari na je majalisa ina fatan labari bai riga ni ba. Dattijon kotu bai ce komai ba, sai ya sa mai shayi ya ƙara mini madara, irin yadda ake yi wa mai jinya. Direban da ya ce in loda musu kuwa cewa ya yi shi bai ce in loda har da lefe ba.

Bayan sati uku aka sake cike fom, ita da lauyar, ni kuma aka kira ni na sa hannu inda aka nuna mini da yatsa. Takarda 11 aka tura: tara da aka nema, da fassara, da rantsuwar kotu. Lambar sirrin shafin tana wajenta. Maganar Dutse Alhaji ta mutu ba tare da an yi mata jana'iza ba. Akwatuna shida kuwa an ɗauko su daga gidan abokina da rana tsaka, suna jere a ɗakinta, kuma duk Juma'a sai ta ɗaura sabuwar atamfa daga ciki ta zo ta tambaye ni ko ta yi mata kyau. Saura turmi bakwai.