Gidan Sayarwa Ba Ya Yoyo

Idan kana son ka ga magidancin Kano ya damu da gidansa, ka jira ranar da ya yanke shawarar rabuwa da shi. Shekara da shekaru yana wuce tsagewar bangon zaure safe da yamma, har ƙadangaru sun hayayyafa a ciki, bai taɓa tankawa ba. Ranar da dillali ya raɗa masa abin da aka sayar da wani gida a Rijiyar Zaki, washegari da sassafe za ka gan shi tare da birkila suna shafa bangon, yana girgiza kai, yana tambayar yara wa ya yi wannan ɓarna.

Fenti ake fara kirawo. Mai fenti ya san aikinsa, ba ya tambayar kala, sai ya tambayi ta ina mai saye zai shigo. Daga ƙofa zuwa falo shafi biyu, ɗakin maigida shafi ɗaya, bayan gida kuwa Allah ya ba shi haƙuri. Silin da ruwan Agusta ya zana wa taswira a bi shi da fari. Shi ya sa masu wayo ke fitar da gida kasuwa da rani, lokacin da kowane kwano a garin nan mutumin kirki ne.

Amma inda abin yake da ban tausayi shi ne kicin. Hajiya ta fara roƙon a gyara mata shi tun tana goyon ɗan fari, yanzu ɗan farin yana neman aure. Ta roƙi kanta ta jera tukwane, aka ce bayan Sallah. Ta roƙi taga saboda hayaƙi, aka ce ai uwayenmu a tsakar gida suka yi girki kuma ba su mutu ba. Famfon wanke-wanke kuwa tun da ya karye aka ɗaure masa wuya da robar tayar keke, a haka ya tsufa. Yau ga kafinta yana kafa kabad har sama, ga mai tayil ya durƙusa, an je Ƙofar Ruwa an ɗauko sabon bututu, har da wata 'yar fitila a ƙarƙashin kabad wadda ban san me ake nema da ita ba. Duk abin da ta roƙa ya zo a mako ɗaya, kuma an kafa mata doka.

"Hajiya, don Allah kada a kunna wuta a ciki. Manja zai ɓata tayil ɗin."

"To Alhaji, a ina zan yi tuwon?"

"A fito da kurfoti waje mana, kwana nawa ne?"

Kwana nawa ne ɗin nan yakan kai wata takwas. Tana zaune a tsakar gida tana fifita gawayi, tana kallon kicin ɗin mafarkinta a kulle, ana ajiye wa wata mata da ba a ma san sunanta ba. Ni a ganina ya kamata a riƙa ware wa matan gida nasu kason daga kuɗin cinikin, ladan gadi.

Sai aro. Labule daga wajen ƙanwarta, kafet daga maƙwabta, tukunyar fulawar roba daga gidan wata amarya da ba ta gama sanin kayan ɗakinta ba. Akuya a kai ta gidan kaka hutu. Yara a sallame su da naira ɗari-ɗari, domin yaro ba ya riƙe sirrin kasuwanci: shi ne zai nuna wa baƙo daidai inda ake tara bokiti idan hadari ya haɗo. Minti goma kafin isowar baƙi a zagaya da kaskon turaren wuta, musamman ta ɓangaren da sokawe ke gaisawa da jama'a.

Dillalin da ka ba wa gidan mutum ɗaya ne, amma ranar gani su bakwai za su sauko daga Adaidaita Sahu, kowa na cewa ta hannunsa maganar ta biyo, kowa na lissafin la'adarsa a zuci. Bakinsu ɗaya: "Ranka ya daɗe, gidan nan ba a zauna shi ba sosai. Mai shi Abuja zai koma." Ban taɓa jin mai sayar da gida da bashi ya kora ba. Kowa Abuja zai koma.

Abin dariyar shi ne mai sayen ma ɗan gari ne, shi ma ya taɓa yi wa wani fenti. Yana shiga ya ƙwanƙwasa bango da makullin mota, ya leƙa bayan labule. Kicin ɗin da aka kashe wa kuɗin ragon layya biyu, ko sakan goma bai yi a ciki ba, kuma matarsa da za ta yi girkin ba a zo da ita ba, sai ranar tarewa za ta gani. Tambayoyinsa daban ne. Mota tana shiga lungun? Famfon nan yaushe rabonsa da ruwan Tamburawa, ko sai 'yan ga-ruwa? Wutar unguwar tana cikin Band A ɗin da aka ƙara wa farashi a 2024, mai alkawarin awa 20 da tsadar kuɗi? Sannan babbar tambaya, wadda tun rusau ɗin 2023 ba wanda ke wasa da ita a Kano: ina takarda? Ta gwamnati ce ko ta mai unguwa? Shi ba fentin ruwan madara yake dubawa a jikin katanga ba, yana neman ko akwai jan fentin hukuma da aka binne a ƙarƙashi. Daga ƙarshe ya auna faɗin fuskar gidan da taku, ya ce wa ɗan rakiyarsa shago huɗu za su fita. Wato kabad da tayil da 'yar fitilar duk guduma ke jiransu.

Aka yi tayi, aka ce albarka, aka ƙara, aka sallama, shaidu suka sa hannu. Daren tashi kuma sai kwalliya ta fara komawa gidajen iyayenta. Labule ya tafi, kafet ya tafi, maigida ya taka kujera yana kwance ƙwan fitila ɗaya bayan ɗaya, ya cire kan famfo ya sa a aljihu. Da safe mai saye ya iso ya tarar da yara uku suna gangaro da tankin ruwa daga saman bene.

"Haba Alhaji, har da tankin?"

"Ai gida na sayar maka, Alhaji. Duba takardar, ka ga an rubuta tanki?"